Gatari da Kwaɗo: Ajiyar Kayan Gyaran Itatuwa da Lamuninsu a Karkarar Arewacin Kano



Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Kano da rani ya kama hanyar Dambatta ko ta Bichi, abin da zai fara cika masa ido shi ne itatuwa. An girbe gero da dawa, an kwashe kara, gonaki sun yi fayau, amma ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya tsaye a tsakiyarsu, tazara-tazara, kamar an auna. Baƙo yakan ɗauka ragowar daji ne. To, ba haka abin yake ba. Kowace bishiya a cikinsu tana da mai ita, an san wanda ya gaje ta, an san ranar da aka rage mata rassa, an kuma san wanda ya hau ya yi aikin.

Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ɗan ɓangare na wannan al'amari wanda ba a cika tsayawa a dube shi ba, watau kayan aikin da ake gyaran itatuwan da su: inda ake ajiye su, abin da ke lalata su, wanda ke ɗaukar asara idan sun salwanta, da kuma hanyar da talaka zai bi ya sami lamuni a kansu ba tare da kuɗin lamunin ya cinye ribar sana'ar ba. Mai sauraro zai iya cewa zancen gatari da igiya bai kai a tara jama'a a jami'a dominsa ba. Amsa ita ce, itacen da aka yi shekara 50 ana renonsa, sara ɗaya na dakusasshen gatari yana iya kashe shi, kuma magidancin da aka sace wa jarinsa a dare ɗaya yana iya komawa ƙona gawayi domin ya ciyar da iyalinsa. Saboda haka maganar ajiya maganar itatuwan ce kansu.

Ƙasar da itatuwanta

Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka buga bincikensu a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki, inda suka nuna cewa kusan babu saura, watau gonar da ake bari ta huta. Shekara da shekaru ana noma fili guda, ana ciyar da shi da takin dabbobi da shara da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna, jakunan kuma su koma birni da itacen girki. Polly Hill ta sake duban al'amarin a littafinta na 1977 a kan karkarar Kano. Gundumomin Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Gezawa, Bichi, Makoɗa da Dambatta duk suna cikin wannan tsari ko a gefensa.

Abin da ya ba masana mamaki shi ne itatuwan ba su ƙare ba. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1983 da 1984, birni kuma yana ta faɗaɗa yana neman makamashi. Duk da haka, binciken da masana na Jami'ar Bayero suka yi a kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna cewa manoman kusa da birni sun riƙe itatuwan gonakinsu, yawancin itacen da birni ke ƙonawa kuwa daga nesa motoci ke kawo shi. Dalili shi ne manomi a nan ba ya kayar da bishiya sai ta mutu ko kuwa wata babbar larura ta kama shi. Rassa yake ragewa, ya bar gindi. Sara da sassaƙa, in ji masu iya magana, ba ya hana gamji toho.

Kowace bishiya da irin gyaranta. Kuka ana hawa a sare ƙananan rassanta domin ganye, a shanya, a daka, a yi miya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi toho da rani, shi ya sa makiyaya ke sarar rassansa su ba dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare, gero kuma yana yin kyau a ƙarƙashinsa. Ɗorawa ana lallaɓa ta ne, domin daga gare ta ake samun kalwar daddawa da gari da makubar da ake shafe gini. Darbejiya da mangwaro da ke cikin gari ana datse su idan sun kai ga rufin kwano ko wayar lantarki. Akwai kuma layukan itacen turare da hukuma ta dasa a ƙasar Dambatta domin kare iska, waɗanda bincike ya nuna cewa sai an datse saiwoyinsu gero ke samun sararin yin kyau a kusa da su. A hayin iyaka, a ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka raya dabarar da ake kira sassaben zamani, watau a bar tohon kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Babu wani babban inji da ya yi wannan aiki. Adda ce da ƙaramin gatari, masu kaifi, a hannun wanda ya san inda zai sara.

Masu aikin da kayansu

Hausa ta wadatu da sunayen waɗannan kaya, kuma ɗalibin da ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da yawancinsu a ciki. Akwai gatari na sarar manyan rassa, da barandami da makiyayi ke ratayawa a kafaɗa, da adda ta sassabe, da gizago na masassaƙi, da zarto, da ƙugiya mai doguwar gora ta kakkaɓo 'ya'ya, da tsani, da igiya, da dutsen washi, da magagari. Ƙarfen aikin maƙeri ne. Ƙota kuwa akan nemi itace mai tauri, kamar marke ko aduwa. A wannan tsohon tsari asara ba ta da girma ƙwarai. Idan gatari ya ɓace, ranar kasuwa a je rumfar maƙera a sayi wani, a wuni guda a yi masa ƙota.

Abin da ya sauya lissafi shi ne zarton inji. A ƙasar Jamus, Andreas Stihl ya fito da mai aiki da lantarki a 1926, Emil Lerp kuma ya fito da mai shan fetur a 1927. Sannu a hankali injin ya ƙanƙance har mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa, ya kuma iso kasuwanninmu, na kamfanin Stihl da na Husqvarna da kuma masu araha da ake kawowa daga ƙasar Sin. Aikin da majiya ƙarfi huɗu za su wuni suna yi, inji yana gama shi kafin hantsi. Amma kuɗinsa ya kai na gatura masu ɗimbin yawa, galibi kuma da bashi ake sayensa, ko da kwasar adashi, ko a sayar da tumaki. Ga shi da sauƙin ɗauka, ana iya ɗaure shi a bayan babur, ga shi kuma da masaya a ko'ina. Watau dukiyar da a da take warwatse a hannun mutane da yawa, yanzu ta taru a cikin abu guda wanda ɓarawo ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ma'aikata su lura da shi. Injin da aka sace ba ya komawa gyaran mangwaro. Hannun masu kayar da itace a ɓoye yake faɗawa, domin su ne ke neman injin da ba shi da takarda. A shekarar 2025 Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta sanar da hana amfani da zarton inji ba tare da lasisi ba, ta kuma ce sai da izini za a sare bishiya ko a datse ta. Dokar kare itace ba sabuwa ba ce, domin tun zamanin En'e malaman daji suke yawo da dokar gandun daji ta 1937. Sabon abu shi ne an gane cewa injin kansa ya kamata a san inda yake da wanda yake hannunsa.

Ajiya

Abokan gaban kayan aiki guda biyar ne: tsatsa, gara, ƙura, wuta da ɓarawo. Hankalin jama'a ya fi tafiya ga na ƙarshe, alhali na farkon huɗu sun fi shi yawan ɓarna, sai dai a ɓoye suke yi.

Damina a nan gajera ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, amma a lokacin ne aikin itace ke raguwa, kowa ya koma noma, kaya su zauna a ƙuryar ɗaki inda danshi ke tasowa daga ƙasa. Tsohuwar dabara ita ce a wasa ƙarfe, a shafe shi da man gyaɗa ko man kaɗanya, a rataye shi a maratayi ko a soke shi a jikin rufi. Baƙin man mota ma yana wannan aiki. Ƙotar da aka jingine a ƙasa kuwa abincin gara ce, kuma gara daga ciki take ci, ba za a sani ba sai ranar da ƙarfe ya fice yana sama, mutane suna ƙasa. Igiya ita ce ran mai hawa. Rana tana cinye igiyar roba, ɓera yana gaigayar ta rama, fetur da ruwan batir suna raunana kowacce. A naɗe ta, a rataye ta a inuwa, a kuma bi ta da hannu taƙi-taƙi kafin a hau da ita.

Shi inji, ƙurar hunturu ce ke toshe masa matatar iska, tsohon mai kuma ya daskare a hanyoyinsa. Ƙa'idar da masu ƙera shi suka bayar ita ce, idan zai daɗe a ajiye, a juye man da ke tankinsa, a tayar da shi har ya mutu da kansa, a cire sarƙa a wanke a shafa mata mai. Gaurin da kamfanin Stihl ya ƙayyade wa injinansa shi ne kashi 1 na man inji cikin kashi 50 na fetur. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 mai ya yi tsada, wasu suka shiga rage man gauri ko sayen gurɓatacce domin sauƙi, ƙarshenta injin ya ƙone. Wannan asara ce da babu mai biyanta. Game da wuta kuwa, jarkar fetur ba ta kwana a ɗakin da ake kwana, ba ta kusantar murhu, ba ta zama kusa da rumbu ko tarin kara. A tsakiyar hunturu, gidan da ke da dangar kara yana iya ƙonewa ƙurmus kafin a ɗebo ruwa daga rijiya.

Sai maganar ɓarawo. Tsarin gidan Bahaushe da kansa ma'ajiya ce mai hawa-hawa: zaure na kowa ne, shigifa ta 'yan gida ce, turaka kuwa ta maigida ce shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin inji a zaure domin warin fetur, alhali zaure ne wurin da kowane mai wucewa ke leƙawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya fi dacewa, kuma bai fi ƙarfin talaka ba, shi ne ɗan ƙaramin ɗaki a cikin gida mai ƙofar ƙarfe, ko akwatin ƙarfe da mai walda zai haɗa, a kafe gindinsa da siminti, a rufe bakin kwaɗon da murfin ƙarfe yadda zarto ba zai kai gare shi ba. Wasu sukan cire sarƙa da fulogi su ajiye a wani ɗaki dabam, domin wanda ya ɗauki injin ya ɗauki rabin kaya.

Bayan ajiya sai shaida. Maƙera tun da can suna buga alamarsu a jikin ƙarfe, makiyaya suna yi wa dabbobinsu shaida, kuma a gaban dagaci wannan alama ce ke raba gardama. Kowane injin kirki yana da lamba a jikinsa. A rubuta ta a takarda, a adana rasit ɗin saye, a ɗauki hoton injin da waya, a kuma sa maƙeri ya buga wata alama a wurin da mai shi kaɗai ya sani. Kwafe ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a hannun mai unguwa ko magatakardan ƙungiya. Duk wannan bai kai kuɗin litar fetur biyu ba, amma in babu shi, ko an kama ɓarawo da injin a kasuwa, mai kaya ba shi da bakin magana.

Wa ke ɗaukar asara?

Tambayar wanda zai biya idan kaya sun salwanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Kano, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun rarrabe al'amarin daki-daki, kuma alkalai da shi suke hukunci. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar gatari ko inji, shi ke biya idan ya ce ya ɓace, sai fa in ya kawo shaidun cewa ba da laifinsa ba ne. Mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, kamar maƙeri ko bakanike, shi ma lamuni yana kansa. Hatta a babin sata, malamai sun bambanta abin da aka ɗauke daga ma'ajiyarsa da abin da aka tsinta a yashe.

Hikimar da ke cikin wannan rabe-rabe ita ce, asara tana bin wanda ya fi ikon hana ta. Matsalar da ake samu a ƙauye kuwa kunya ce. Ƙane ya ari injin yayansa, ko suruki ya aiko a ba shi, injin ya dawo a ƙone, mai shi ya haɗiye baƙin ciki domin kada a ce ya kai ɗan'uwa ƙara. Maganin wannan shi ne a yi magana kafin a miƙa kaya, a gaban mutum biyu: aro ne ko haya, wa zai zuba mai, wa zai biya gyara. Masu sana'ar da suka ga jiya sukan ce inji da mai shi suke tafiya tare, watau a ɗauki mutum aiki da injinsa, kada a ari injin shi kaɗai.

Inshora

Inshorar zamani ta girma ne a kasuwancin jiragen ruwa, musamman a shagon gahawa na Edward Lloyd da ke Landan a ƙarshen ƙarni na 17. Tushenta abu ne mai sauƙi. Mutane da yawa masu fuskantar haɗari iri ɗaya su zuba kaɗan-kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya shi daga abin da aka tara. A Nijeriya an ƙaddamar da shirin inshorar noma a 1987, aka kafa hukumarsa, watau NAIC, da doka a 1993, gwamnati tana ɗaukar rabin kuɗin zubi a kan amfanin gona da dabbobi. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora an kafa ta a 1997.

Me ya sa mai zarton inji a Makoɗa ko Kunchi bai amfana da wannan ba? Dalilai uku ne. Na farko sharuɗɗa. Inshorar sata galibi ba ta biya sai an nuna cewa an fasa ƙofa ko an karya kwaɗo. Tana neman rasit da lambar kaya da rahoton 'yan sanda. Tana cire wani kaso na farko na asara ta bar wa mai kaya, tana kuma rage kuɗin tsufa, watau darajar tsohon inji za a biya. Idan mutum ya faɗi ƙasa da ainihin darajar kayansa domin ya rage zubi, ranar biya ma gwargwadon haka za a rage masa. Kayan da aka ɗauke a gona ko a bayan babur kuwa sai an yi musu sharaɗi na musamman. Na biyu nisa. Ofisoshin suna birni, kuma kuɗin aiko ma'aikaci ya duba inji guda a ƙauye yana iya fin zubin shekarar. Na uku shakka ta addini, domin malamai da yawa suna ganin akwai garari da riba a cikin inshorar kasuwa.

Wannan na ukun an sama masa mafita. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan, Malesiya ta yi dokar takaful a 1984, NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. A tsarin takaful zubin kyauta ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, rarar da ta saura kuma ana raba wa waɗanda suka zuba. Sai dai takaful ma yana neman rasit, yana neman kwaɗo. Abin lura a nan shi ne, sharuɗɗan da kamfani ke gindayawa su ne dai matakan ajiya da shaida da aka ambata a baya. Wanda bai yi su ba, ko ya zuba kuɗi ba za a biya shi ba. Wanda ya yi su kuwa ya riga ya rage yawancin haɗarin da kansa.

Asusun taimakon juna

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bahaushe ya san gayya, ya san adashi, ya san gudummawar gobara. Abin da ya rage shi ne a ba waɗannan al'adu ƙa'ida da littafi. A ɗauka, alal misali, masu inji 20 a gunduma guda sun haɗu, kuma a shekara inji ɗaya ne ke salwanta a tsakaninsu. Idan kowa ya zuba kashi 5 cikin 100 na kuɗin inji, an haɗa kuɗin sabo ke nan. Idan kuwa ɗakin ajiya da shaida sun sa asarar ta koma inji ɗaya a shekara biyu, zubin ya koma kashi 2 da rabi. Lissafin misali ne kawai, amma ya nuna cewa kuɗin da aka kashe a kan ƙofar ƙarfe yana dawowa ta hanyar raguwar zubi.

Irin wannan asusu yana da fifikon da babu kamfanin da ke da shi, watau sanayya. 'Yan ƙungiya sun san wanda ke barin injinsa a zaure, sun san wanda zai iya sayar da nasa ya ce an sace. Yana kuma da rauninsa. Idan ma'aji ya ci amana, ko gobara ɗaya ta cinye ɗakin da aka tara injina duka, asusun ya mutu. Saboda haka kada a tara ƙwai a kwando ɗaya ta hanyar ajiye dukan kaya wuri guda ba tare da mai gadi ba, kuɗi su zauna a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, kuma wanda ya yi asara ya ɗauki wani kaso da kansa domin kada sakaci ya zama riba. Ƙungiyar ta yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, tsarin da doka ta sani a ƙasar nan tun 1935. Da wannan rajista za ta iya zuwa wurin kamfanin takaful da murya ɗaya, ta sayi lamuni guda a kan manyan asarori, ƙananan kuma ta biya daga asusunta. Kamfanin da ba zai je ƙauye domin inji ɗaya ba zai je domin ashirin.

Akwai asarar da ta fi ta inji, wadda bai kamata a rufe wannan babi ba a ambace ta ba. Mai hawan kuka ko rimi da ransa yake ciniki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta fi amfanar wanda ke da uban gida mai zuba masa kuɗi, mai zaman kansa kuwa idan ya faɗo sai mai ɗori da taimakon dangi. Asusun da ya lamunci ƙarfe ya bar mai riƙe da shi bai cika ba. Ya kamata a ware wani kaso domin jinya, a kuma sa sharaɗin cewa wanda ya hau da ruɓaɓɓiyar igiya ko ba tare da mataimaki a ƙasa ba, haƙƙinsa ya ragu.

Kammalawa

A taƙaice, matakan uku ne kuma a jere suke: ajiya, sa'an nan shaida, sa'an nan lamuni. Na farko yana hannun mai kaya, na biyu yana hannunsa da masu unguwanni, na uku yana hannun ƙungiya da kamfani. Ga ma'aikatan gandun daji da na ƙananan hukumomi, lasisin da ake bayarwa yana iya zama littafin shaida idan aka rubuta lambar kowane inji a cikinsa, aka kuma sauƙaƙa kuɗinsa yadda mai gyaran mangwaro ba zai guje shi ba. Ga ma'aikatan KNARDA da jami'an ƙungiyoyin gama kai, masu aikin itace ma manoma ne, sun cancanci a tara su a koya musu riƙe littafi. Ga ɗaliban Hausa kuwa akwai aiki iri biyu. Sharuɗɗan inshora suna bukatar a rubuta su cikin Hausar da dattijo zai ji ya gane kafin ya dangwala hannu. Sunayen kayan aiki da na salon sara da na alamomin maƙera kuma suna bakin tsofaffi a Bichi da Minjibir da Dambatta, suna jiran mai zuwa da takarda da alƙalami.